Janareto Marar Hayaƙi: Ina Aka Kwana?

'Yan kasuwar Adjamé da Treichville ba su manta da 2021 ba, lokacin da ɗaukewar wuta a Abijan ta sa man janareto ya riƙa cinye riba.

Akwai injin da ke samar da lantarki daga iskar haidurojin, ruwa kawai yake fitarwa. Lagonsa wata siririyar leda ce a ciki, Nafion, wadda ƙwayoyin furoton ke ratsawa. Da zafi ya doshi digiri 100 sai ta bushe, wuta ta ja baya. Masana sun samo wata, PBI, mai jure 160.

Sai dai injin da tsada, iskar kuma babu ita a gidan mai. Kada Alhaji ya yi gaggawar sayar da janaretonsa.