Nook Color: Yadda Mai Sayar da Littafi Ya Faɗa Kasuwar Na'ura

A ƙarshen shekarar 2010, duk wanda ya shiga kantin Barnes & Noble a Amurka, kafin idonsa ya kai kan kantocin littattafai sai ya ci karo da wani teburi kusa da ƙofa, ga ma'aikaci a tsaye yana nuna wa mutane wata 'yar na'ura mai allo inci 7. Sunanta Nook Color, kuɗinta dala 249. Kamfanin da ya fi kowa yawan kantunan littattafai a ƙasar ya ɗauki wuri mafi daraja a kantinsa ya ba na'ura.

Tsoro ne ya kawo haka, kuma tsoron yana da dalili. Tun 2007 Amazon ya fito da Kindle, mutane suka fara sayen littafi suna kwance a gado. Ga kuma Borders, babban abokin hamayyar Barnes & Noble, yana tangal-tangal. Shi ne wanda tun 2001 ya damƙa wa Amazon cinikinsa na intanet, a 2011 kuwa ya rufe kantunansa baki ɗaya. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, dole Barnes & Noble ya shafa wa nasa ruwa.

To me ya sa sai mai launi? Nan ne nake ganin kamfanin ya nuna ya san mutanensa. Yawancin na'urorin karatu na wancan lokaci da tawadar lantarki suke aiki, baƙi da fari kawai. Sun yi wa mai karanta ƙagaggen labari daidai, amma littafin yara, da mujalla, da littafin girke-girke, ransu yana cikin hoto ne. Waɗannan kuwa su ne kayan da iyaye ke zuwa kanti dominsu. A Nook Color yaro zai buɗe littafinsa, ya taɓa allo, murya ta riƙa karanta masa, hotunan kuma ga su jajir da shuɗi kamar a takarda. Uwar da iPad na dala 499 ya fi ƙarfin aljihunta sai ta sami wannan a rabin kuɗin. Na'urar ta karɓu sosai a shekararta ta farko, kuma ta cancanta.

Sai dai launin da ya jawo masu saye shi ne ya sauya tambayar da suke yi. Wanda ke riƙe da allo mai haske ba ya tsayawa a karatu. Yana son kallon fim, yana son wasa, yana son manhajar da ya gani a hannun abokinsa. Barnes & Noble kuwa ya killace na'urar a cikin ƙaramin shagon manhajojinsa. Masu wayon kwamfuta suka gano cewa idan aka zura wani katin ajiya da aka shirya, na'urar za ta tashi da cikakken Android. Suka saya da yawa, ba don littattafan kamfanin ba. Kamfanin da ke fatan fanshe kuɗin na'ura daga cinikin littafi, irin wannan mai saye bai ƙare shi da komai ba. Sai a watan Mayun 2013 aka buɗe wa Nook ƙofar Google Play, lokacin bakin alƙalami ya kusa bushewa.

Babban bugun ya zo a Nuwamban 2011, da Amazon ya fito da Kindle Fire a dala 199. A watan ne Nook Tablet ya fito a dala 249. Amazon na iya sayar da na'ura ba riba, domin duk wanda ya riƙe ta zai sayi fim, da waƙa, da takalmi, da kayan gida a wurinsa. Mai kantin littafi ba shi da wannan rumbu. Duk dalar da ya rage, daga jikinsa ya yanka.

Kuɗin waje sun shigo: Microsoft ya zuba dala miliyan 300 a 2012, kamfanin Pearson ma ya sayi hannun jari. Ba su toshe ramin ba. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Afrilun 2013, sashen Nook ya yi asarar kusan dala miliyan 475. A Yuni kamfanin ya ce zai daina ƙera masu launin shi kaɗai, a Yuli shugabansa William Lynch ya sauka. Daga 2014 Samsung ya riƙa ƙera na'urar a liƙa mata sunan Nook.

Abin da ya fi damuna shi ne mai karatu. A 2016 aka rufe kasuwar Nook a Birtaniya, aka mayar da masu saye hannun kamfanin Sainsbury's, wanda shi ma ya bar sana'ar littattafan lantarki a shekarar. Mutumin da ya biya kuɗin littafinsa sai ga shi ana yawo da ɗakin karatunsa daga hannu zuwa hannu, ba a tambaye shi ba.

A 2019 kamfanin Elliott ya sayi Barnes & Noble, ya ɗora James Daunt na kantunan littattafai na Waterstones a kai. Daunt ya sakar wa manajojin kantuna mara su zaɓi littattafan da unguwarsu ke so, aka koma buɗe sababbin rassa. Nook mai launi bai mutu ba. A 2021 an fito da wani sabo, Lenovo ne ya ƙera shi.