Miyar chili: Inda gishiri ke ɓuya, da yadda ake rage shi

Miyar chili, wadda ake dafawa da nama da busasshen barkono, wani lokaci har da wake da tumatir, na cikin sanannun abincin Amurka. A 1977 jihar Texas ta ayyana ta a matsayin abincinta na hukuma. Sai dai yawancin gishirin da ke cikin wadda ake dafawa a gida ba daga hannun mai girki yake fitowa ba. Yana shigowa ne ta ƙunshin kayan yaji na kanti da gwangwanayen wake da tumatir.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 na sinadarin sodiyam a rana, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, domin yawansa na haddasa hawan jini. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri kuwa na ɗauke da kusan miligiram 2,300.

Me rubutun jikin kwali ke nufi?

A ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba a kiran kaya mai ƙarancin sodiyam sai idan bai wuce miligiram 140 a kason cin mutum ɗaya ba. Wanda aka rubuta an rage masa sodiyam kuwa, kashi 25 cikin 100 kawai ake buƙatar cirewa daga na asali, don haka yana iya kasancewa cike da gishiri. Wasu haɗe-haɗen kuma sukan maye gishiri da sinadarin fotasiyam, wanda ke da haɗari ga masu ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan hawan jini.

Ina ɗanɗano zai fito?

Mafi aminci shi ne mai girki ya haɗa nasa: garin barkono zalla, kumin, oregano, garin jan tattasai da tafarnuwa. A soya su a mai tare da albasa na kamar minti ɗaya kafin a zuba ruwa, domin zafin mai ne ke fito da ƙamshinsu. A tsiyaye waken gwangwani a wanke shi, a kuma matsa lemon tsami daf da saukewa, saboda tsami na farfaɗo da ɗanɗano. Gishiri sai a ƙarshe, bayan an ɗanɗana.

Wannan lissafi ya shafi yajin da ake dakawa a gidajenmu: inda aka saka dunƙule, an riga an saka gishiri.