Jerry Falwell: Faston Da Ya Kai Mumbari Filin Siyasa

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, maganar nan takan taso a taron dattawan ikkilisiya da cikin zumuntar matasa: ko ya dace fasto ya faɗa wa masu bi wanda za su zaɓa? Masu cewa i da masu cewa a'a, kowa da ayarsa. Akwai wani mai wa'azi a Amurka da ya taɓa tsayawa a ɓangarorin nan biyu, kuma har yau Kirista ba su daina jayayya a kansa ba. Sunansa Jerry Falwell.

An haife shi a 1933 a garin Lynchburg na jihar Virginia. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da bai damu da zuwa sujada ba, giya ce kuma ta yi ajalinsa. Jerry ya karɓi Yesu a 1952. A 1956, yana da shekara 22, ya kafa ikkilisiyar Baptis ta Thomas Road da mutum 35, a wani gini da a dā ake ɗura lemon kwalba. Yakan bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya kuma sa wa'azinsa a rediyo da talabijin, har ikkilisiyar ta kai dubbai. Ya buɗe gidan taimakon waɗanda giya ta ɗaure, daga baya kuma gidan da ke karɓar 'yan matan da suka yi ciki ba aure. A 1971 ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Liberty. Ko masu sukarsa ba sa musun wannan aikin.

Matsalar ta fara ne tun kafin ya yi suna. A kudancin Amurka a lokacin, doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, da motar haya, har wurin shan ruwa. Falwell ya yi wa'azin goyon bayan wannan wariyar a ƙarshen shekarun 1950. A watan Maris na 1965, sa'ad da Martin Luther King da sauran fastoci suke kan titi suna neman wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a, sai ya hau mumbari ya soke su. Hujjarsa ita ce an kira mai wa'azi domin ribato rayuka, ba domin siyasa ba. Mu lura da kyau: waɗanda ake duka da kulki a titunan nan, yawancinsu 'yan'uwansa ne cikin Almasihu, da dama ma 'yan Baptis ne kamarsa. Daga baya ya fito fili ya ce ya yi kuskure, ikkilisiyarsa kuma ta karɓi baƙar fata. Wannan tuban ya cancanci a ambata.

Shekara 14 bayan wancan wa'azin, mutumin da ya ce fasto ya guji siyasa shi ne ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, wato rinjayen masu riƙon ɗabi'a. Abin da ya ce ya tashe shi shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki, da hana addu'a a makarantun gwamnati, da lalacewar iyali. Ya zaga ikkilisiyoyi yana sa masu bi su yi rajistar zaɓe. Ya haɗa kai da 'yan Katolika da Yahudawa, abin da ya sa waɗansu abokansa masu tsattsauran ra'ayi suka juya masa baya. A zaɓen 1980 ƙungiyar ta mara wa Ronald Reagan baya, ya kuma kayar da Jimmy Carter, wanda shi kansa ɗan Baptis ne mai koyarwa a makarantar Lahadi. An rufe ƙungiyar a 1989, amma ɗaurin da ta yi tsakanin Kirista farar fata masu bishara da jam'iyyar Republican bai kunce ba har yanzu.

Masoyansa suna cewa ya farkar da ikkilisiyar da ta yi barci ta bar wa marasa bi ragamar ƙasa. Akwai gaskiya a ciki. Annabi Natan bai yi shiru a gaban Dawuda ba, Yohanna Mai Baftisma kuma ya rasa kansa don ya tsauta wa Hirudus. Sai dai Natan ya tsauta wa sarkin da yake ƙauna ne, a nan kuwa muke ganin raunin Falwell. Muryarsa takan yi ƙarfi a kan zunubin abokan hamayya, ta yi sanyi a kan na abokan tafiya. A 1985 ya je Afirka ta Kudu lokacin mulkin wariyar launin fata, ya gana da shugaba P. W. Botha, ya dawo yana adawa da takunkumin da ake so a sa wa gwamnatin, har ya kira Bishop Desmond Tutu ɗan bogi. Ya nemi gafara a kan kalmar daga baya. Amma a gare mu 'yan Afirka, da wuya mu karanta wannan ba mu tuna da 1965 ba.

Sai kuma harshe. Kwana biyu bayan harin 11 ga Satumba 2001, gawawwaki na ƙarƙashin ɓaraguzai, ya ce a talabijin masu zubar da ciki da 'yan luwaɗi da makamantansu suna da hannu wajen jawo wa ƙasar wannan hukunci. Ya janye maganar. A watan Oktoba na 2002, a wata hira ta talabijin, ya furta kalmar ɓatanci a kan annabin Musulunci. Zanga-zangar da ta biyo baya a garin Solapur na Indiya ta zama rikici tsakanin Musulmi da 'yan Hindu, aka rasa rayuka. Ya sake ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Shi yana zaune lafiya a Lynchburg, waɗanda suka mutu kuwa wataƙila ba su taɓa jin sunansa ba kafin makon nan. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ba ma bukatar a bayyana mana wanda yakan biya bashin irin wannan furuci.

Hukunci mafi nauyi a kan aikinsa na siyasa daga cikin gida ya fito. A 1999, mutum biyu da suka yi aiki tare da shi a Moral Majority, Cal Thomas da Fasto Ed Dobson, suka rubuta littafi mai suna Blinded by Might. Sun ce an ci zaɓe amma zukata ba su sāke ba, kuma ikkilisiya ta ruɗu da kusantar masu mulki. Falwell bai yarda da su ba. Ya ci gaba da wa'azi da siyasa tare har ranar 15 ga Mayu 2007, da aka same shi a sume a ofishinsa a jami'ar, ya kuma rasu yana da shekara 73. Dobson kuwa tun 1987 ya koma kiwon ikkilisiya a garin Grand Rapids na jihar Michigan, inda aka san shi da kula da masu cutar ƙanjamau a lokacin da fastoci da yawa suke gudunsu.