Askarawan da ke cikin jinin tarwaɗa

A kwarin Korama, daga Magarya zuwa Dungas, wadda aka ware ta zama gunduma mai kanta a 2011, tabkuna na ba da abin miya da kuɗin kashewa. Ma'aikatan gandun daji kan zuba ɗiyan karfasa da tarwaɗa cikinsu, fatake kuma su bi da bandar kifi zuwa kasuwannin iyaka irin su Maigatari. Amma sau da yawa ɗiyan kifin kan mutu kwanaki kaɗan bayan zubawa, sai a ce ruwan ne bai karɓe su ba. Dalilin yana cikin jikin kifin.

Garkuwarsa ta farko ita ce yauƙin nan da ke sa tarwaɗa kuɓuce wa hannu, domin yana ɗauke da sinadarai masu narkar da ƙwayoyin cuta. Idan baƙon abu ya keta wannan shinge, fararen ƙwayoyin jini ke tarbarsa, su kewaye shi, su haɗiye. Masani Metchnikoff ne ya gano wannan haɗiya a 1882, da ya soka ƙaya a jikin wata ƴar halittar teku, washegari ya tarar ƙwayoyi sun taru kanta. Daga baya ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta Paris. Kifi ba shi da ɓargo irin namu: gaban ƙodarsa ne ke haifar waɗannan askarawa, saifa kuma ta tace jini. Abin da suka kasa narkarwa, kamar ɓurɓushin ƙarfe, sukan tara shi cikin wasu baƙaƙen ɗigo a saifa da ƙoda, waɗanda masana ke dubawa don auna gurɓatar ruwa.

Rukuni na biyu na ƙwayoyin yana ƙera makami daidai da maharin, ya kuma riƙe kamanninsa, shi ya sa ake iya yi wa kifi rigakafi. Sai dai aikinsa na tafiya da zafin ruwa. Cikin hunturu, a Disamba da Janairu, yakan yi nawa ƙwarai.

Ga wahalar hanya kuma: cunkoso cikin tano da girgizar mota na sa jikin kifi fitar da sinadarin firgici da ke kashe kaifin garkuwar, hannu mai kaushi kuma ya goge yauƙin. Maganin ƙwari ma na raunana ta, alhali wasu masu lambun rani a bakin tabki suke wanke famfon feshinsu. A ganinmu, duk wanda ya sa hannu kan takardar zuba kifi cikin tsananin ɗari, dukiyar jama'a ya jefa ruwa.