Inda Karenka Yake Kwana

Babban kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a kullum, kwikwiyo kuwa har ya kai 18. Ke nan rabin rayuwarsa ko fiye a kwance yake yin ta. Duk da haka za ka ga mutum ya zuba kuɗi ya sayo karen gadi, ya yi masa allurar rigakafi, sannan ya ɗaure shi bisa dandaryar siminti shekara da shekaru. Duba gwiwar ƙafafunsa na gaba: gashi ya zube, fata ta yi baƙar kanta. Manyan karnuka masu nauyi irin su Boerboel da Rottweiler, wani lokaci wurin har kumbura yake ya tara ruwa, sai an kai ga likitan dabbobi.

Sai dai maganin ba lallausan gadon nan mai gashi-gashi da ake tallarsa a intanet ba ne. Don ƙasashen sanyi aka ɗinka shi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, haki yake yi ya fitar da zafi, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, za ka tarar ya tona rami a gindin darbejiya ya kwanta a ciki. Ka ba shi tulin auduga a wannan yanayi, ko kallonsa ba zai yi ba.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne gado mai ƙafafu, wanda ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda. Kafinta ko mai walda zai haɗa maka, a ɗaure tamfol mai kauri a kai ya yi tsam. Iska na ratsawa ta ƙasa, damshin damina ba ya taɓa shi. Wannan damshi ba ƙaramin abu ba ne: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa ko tsumman da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kare ta zauna, sai ka ga maruru masu ƙaramar kafa a tsakiya. Ƙuma a cikin shimfiɗa take hayayyafa, kaska kuwa a tsagar bango da katako take laɓewa. Don haka duk abin da ba za ka iya cirewa ka wanke da ruwan zafi ka shanya a rana ba, kada ka shimfiɗa masa. Wanki sau ɗaya a mako ya wadatar.

Girman gado kuwa, auna karen daga hanci zuwa gindin wutsiya yana miƙe a kwance, ka ƙara santimita 20 zuwa 30.

In hunturu ya shigo, tsohon bargo ya isa. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi shi ke buƙatar katifa. Danna ta da tafin hannu, in ka ji ƙasa to ta yi laushi da yawa. Kwikwiyo kam kada a ba shi soso, yayyage shi zai yi ya haɗiye, ya toshe masa hanji. Buhun garara da aka wanke ya ishe shi har ya daina tauna.

Gadon a ajiye shi a inuwa, ba ƙarƙashin gajeren rufin kwano ba, kuma inda karen zai riƙa hango ƙofar gida. In aka kai shi lungu, barin gadon zai yi ya koma bakin ƙofa.