Kai Nawa Ne Tsayin Mutum?

Ɗalibin da ya fara koyon zana siffar mutum yakan gamu da matsala guda. In ya zana yaro, sai ya fito kamar wani gajeren dattijo, in kuwa babba ya zana, sai kai ya rinjayi gangar jiki. Ba hannunsa ne ke da laifi ba, ma'auni ne bai sani ba.

A shekarar 1943 wani mai zane ɗan Amurka, Andrew Loomis, ya wallafa littafin koyarwa mai suna Figure Drawing for All It's Worth, wanda har yanzu ake sake bugawa. Tun a farkon littafin ya ɗora ɗalibi bisa wata tsohuwar dabara, wato a ɗauki tsawon kai, daga tsakar ka zuwa haɓa, a auna sauran jiki da shi, kamar yadda ake auna sawaye da kamu. Ya nuna cewa tsayin baligi yakan kai kai bakwai da rabi, amma shi ya fi son a zana shi da kai takwas don ya fi kyan gani. A nan ya kamata malamai su yi hattara. Kai takwas zaɓin masu zane ne, wanda suka gada daga Vitruvius, maginin nan na tsohuwar daular Rum, ba kowa halitta ta ba shi ba.

Abin da ya fi jan hankalin masanin ilmin halittu shi ne yadda wannan lissafi ke sauyawa da shekaru. Ɗan tayi mai wata 2 a ciki, kansa ya kai kusan rabin tsawonsa. Ranar haihuwa kan jariri kashi ɗaya ne cikin huɗu, a shekara 2 kimanin ɗaya cikin biyar, a shekara 6 kuma kimanin ɗaya cikin shida. Dalili kuwa shi ne sassan jiki ba sa girma da sauri ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ke yin gaba. Nauyinta lokacin haihuwa kimanin kashi ɗaya ne cikin huɗu na ta baligi, amma kafin yaro ya wuce shekara 6 ta kusa kashi 90 cikin 100. Ƙafafu su ke zuwa daga baya. A kusa da kowane ƙarshe na ƙashin cinya da na ƙwauri akwai faifan guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai bayan balaga. Saboda haka tsakiyar tsayin jariri tana wajen cibiya, ta baligi kuwa ta sauka zuwa ƙashin mara. Wanda ya manta da wannan, shi ne ke zana dattijo alhali yaro ya nufa.

Fuska ma haka take. Idanun baligi suna daidai rabin tsawon kai, ko da yake masu koyo kusan kullum sukan ɗaga su sama, domin ba sa lissafa wurin da gashi ya rufe. Na jariri suna ƙasa da rabi, saboda ƙoƙon kai ya riga muƙamuƙi girma.

Akwai kuma gaba, wato faɗin hannuwa biyu in an miƙe su. Leonardo da Vinci ya nuna a sanannen zanensa na wajen shekarar 1490 cewa gaban mutum daidai take da tsayinsa, kuma ɗalibai na iya gwada wannan a aji da igiya da alli. Likitoci sukan yi amfani da ita wajen ƙiyasta tsayin majinyacin da ba ya iya miƙewa. In kuma ta zarce tsayi da fiye da kashi 5 cikin 100, tana cikin alamun da ake dubawa na ciwon Marfan, wani ciwon gado da ke tsawaita gaɓoɓi, yana kuma raunana babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya.