Yadda Za A Zaɓi Waifa Mai Ƙarko Kafin Damina

Direban da ke ɗaukar fasinja daga Dogo-Dogo zuwa Dungas ko Magarya ya san wahalar ruwan farko: gilashi ya sha ƙura, robar waifa ta bushe ta tsattsage saboda zafin bazara, ana kunna ta sai ta shafa taɓo a gaban ido.

Waifa iri biyu ce a kasuwa. Ta roba tana da araha, amma rana na saurin cinye ta. Ta silikon ta fi tsada, sai dai tana jure zafi, kuma tana barin wani siririn shafi a gilashi wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare.

Masu shafa maganin korar ruwa irin Rain-X su lura: tsohuwar roba takan riƙa tsalle tana ƙara a kansa. Ta silikon ko ta robar da aka shafa wa girafait ta fi zamewa sumul. Maganin kuma sai mota na gudu iska ke kore ɗigon. A hanyar yashi da ake tafiya sannu, waifa ce ke aikin.

Kafin ka saya, auna tsawon tsohuwar, ka duba irin maƙalinta. Kada ka kunna waifa a busasshen gilashi, domin yashi na karce shi. Goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma kowane mako.

Malam direba, canja waifarka tun watan Mayu, kafin hadari ya haɗo.